KEKE MAI BATIR DA KAURIN TAYA: KO ZAI IYA DA HANYOYIN ƘASAR GAYA?

GAYA. Duk baƙon da ya kwana a garin Gaya ya san cewa bayan kiran assalatu ba a jimawa sai ƙarar babura ta cika gari. Ƴan kabu-kabu ke nan suka fito, waɗansu su nufi tasha, waɗansu bakin kogi, waɗansu kuma su kama hanyar Kamba ko ta ƙauyukan Tanda, Bana, Bengu da Tunuga. Garin yana can kudancin jihar Doso, kimanin kilomita 300 daga Yamai, a inda iyakokin Nijar da Benin da Nijeriya suka kusanci juna. Kogin Kwara, wanda Dandawa ke kira Isa, shi ya raba Gaya da Malanbil ta ƙasar Benin. Kamba kuwa, ta jihar Kebbi a Nijeriya, tana daga gabas. Wurin da ciniki ya yi yawa haka, tafiya ba ta yankewa, kuma mafi yawanta a kan ƙafa biyu ake yin ta.

Babur kuwa ba ya motsi sai da man fetur, watau isansi. Shekara da shekaru ƙasar Gaya tana shan isansi mai araha wanda ƴan ruwa-ruwa ke shigowa da shi daga Nijeriya suna sayarwa a kwalabe a bakin hanya. Ran 29 ga watan Mayu na 2023 shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya janye tallafin da gwamnatinsa ke yi wa mai, cikin ƴan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa fiye da naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Da isansin kwalba ya yi tsada, sai jama'a suka koma gidajen mai na gida. Gwamnatin Nijar ta rage kuɗin lita zuwa sefa 499 a watan Yuli na 2024, watau dala ɗari ba tamma guda, amma matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a yini, ba ta iya ƙosar da kowa ba. A watan Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a gidajen mai na garuruwan ƙasar nan.

Wannan ya sa abin hawan da ba ya shan isansi ya zama abin dubawa da idon basira. Daga cikin irinsa akwai wani keke da ya bazu a kasuwannin Sin da Turai da Amurka, mai inji na lantarki da batir da tayoyi masu kauri. An kuwa san cewa kayan da suka sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano ko ta Legas ba sa daɗewa ba su leƙo kasuwannin bakin iyaka ba. Saboda haka ya dace ma'aikaci da manomi da ɗan kasuwa su san abin da wannan keke yake iyawa da abin da ba ya iyawa tun kafin dillali ya kawo musu shi ƙofar gida.

WANE IRIN KEKE NE?

A ido keke ne kamar sauran kekuna, da feda da sarƙa da sirdi da birki. Abu uku suka bambanta shi. Na farko, taya. Faɗinta ya kai santimita 10, watau ninki biyu ko fiye na tayar keken da aka saba da shi. Na biyu, inji. Ƙaramin inji ne na lantarki, yawanci a cikin cibiyar ƙafar baya yake, ba shi da hayaƙi, ba shi da tankin mai, ba a canza masa baƙin mai. Na uku, batir na ƙarfen litiyom, dangin wanda ke cikin wayar salula amma ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ana zare shi da makulli a shiga da shi gida a yi masa caji.

Ana auna ƙarfin injin da wat. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ce abin da za a kira keke kada injinsa ya wuce wat 250, kada ya taimaka wa mahayi sai yana taka feda, kuma ya daina taimako in gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Amurka an yarda har wat 750. Ƙasar Sin, inda kekunan lantarki suka haura miliyan 300, ita ma ta tsayar da gudunsu a kilomita 25. Da yawa daga cikin masu kaurin taya suna da maƙura a hannu kamar ta babur, mahayi ya murɗa kawai keke ya tafi ko bai taka feda ba.

Nauyinsa abin lura ne. Keken gargajiya bai cika wuce kilo 15 zuwa 20 ba, wannan kuwa yakan kai kilo 30 zuwa 35. Nauyin da masu ƙera shi suka yarda ya ɗauka, har da mahayi, yawanci kilo 120 ne zuwa 150.

TARIHINSA YA RATSA TA ƘASAR NIJAR

Mutane da yawa ba su san cewa ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na keke mai kaurin taya a ƙasar nan aka yi shi ba. A 1980 wani Bafaranshe mai suna Jean Naud ya tsara keke mai ƙafa 3 a jere, ɗaya a bayan ɗaya, da tayoyi masu faɗi, ya hau shi daga Damagaram har Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya. A 1986 ya sake ratsa Sahara da tayoyin gwaji na kamfanin Michelin. Ba inji, ba batir, ƙarfin cinyarsa ne kawai.

A ƙarshen shekarun 1980 mutanen Alaska, can arewacin Amurka, suka shiga haɗa ƙafafun keke biyu gefe da gefe don su iya tafiya a kan dusar ƙanƙara. Waɗansu kuma a kudancin ƙasar suka yi ta gwaji a kan tuddan rairayi. A 2005 kamfanin Surly ya fito da wani mai suna Pugsley, wanda ya buɗe wa irin wannan keke ƙofar kasuwa. Da batiran litiyom suka yi sauƙin kuɗi, sai aka haɗa masa inji, domin babban aibinsa tun farko shi ne wuyar tuƙi. Ke nan matsalar da aka ƙera shi dominta, watau ƙasa mai taushi da ke haɗiye taya, matsala ce da ɗan Nijar ya sani tun yana yaro.

TAFIN RAƘUMI DA KOFATON JAKI

Makiyayi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Jaki ya fi raƙumi rashin nauyi, amma a cikin rairayi jaki ke nutsewa, domin kofatonsa ƙarami ne; raƙumi kuwa tafinsa yana bajewa ya raba nauyin a fili mai faɗi. Haka tayar nan take. Tayar keken gargajiya ana hura mata iska kilo 3 zuwa 4, kamar yadda masu faci ke faɗi, sai ta yi tauri, wurin da ƙafafun biyu ke taɓa ƙasa bai fi faɗin akwatin ashana ba da yawa. Mai kauri kuwa a cikin rairayi ana barinta da rabin kilo zuwa kilo guda. A rabin kilo, wurin da take taɓa ƙasa yakan ninka na waccan sau da yawa, har ya fi tafin hannun babban mutum. Sai keken ya riƙa tafiya a bisa rairayin maimakon ya riƙa yanka shi.

A ƙasar Gaya wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Kwalta ɗaya ce babba, wadda ta taso daga Doso, kimanin kilomita 150, ta gangara zuwa gada. In aka bar manyan hanyoyi sai jar ƙasa mai gargada, da turbobin rairayi tsakanin gonaki, da fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga, inda ake noman rake da shinkafa da rogo, ake dafa gishiri, ake kuma sarar giginya. Mai keken gargajiya a irin waɗannan wurare rabin tafiyarsa turi ne. Mai kaurin taya yana wucewa a zaune. A kan gargada kuma tayar mai taushi tana shanye girgiza, bayan mahayi da wuyan hannunsa su huta. Dattijo ko mace da ke tsoron nauyin babur da bugun ƙafar tada shi za su sami sauƙi, musamman a irin mai gajerun ƙafafu wanda ƙarfensa na tsakiya ya yi ƙasa, ana hawa ba sai an ɗaga ƙafa sama ba.

INDA YAKE GAZAWA

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aibi na farko shi ne tayar da ta yi daɗi a rairayi ita ce ke jan ƙafa a kwalta. Faɗinta da taushinta suna cin ƙarfi, batir ya ƙare da wuri. Mahayi mai lura yakan ƙara iska in zai hau kwalta, ya rage in zai shiga rairayi, saboda haka famfo abokin tafiya ne.

Na biyu, ƙaya. Taya mai faɗi ta fi siririya kwasar tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa. Faci ba wuya, mai facin babur zai iya. Wuyar ita ce in taya ko robar cikinta ta mutu ɗungurungum, domin awonta ba irin na kekunan da suka cika kasuwa ba ne. Cire ƙafar baya ma sai da hankali, saboda wayar inji ta cikinta ta bi.

Na uku, ruwa. Ƙasar Gaya ita ce ta fi kowace samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara. Yayyafi ba ya hana keken nan tafiya, amma ba a ƙera shi don ratsa kududdufi ba; in ruwa ya rufe cibiyar ƙafar baya ko mazaunin batir, ɓarna ta samu. Laka mai danƙo ta fadama kuwa tana manne wa faffaɗar taya har ta cushe. Ga kuma sha'anin kogi. Bayan rufe iyaka a 2023, ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren gadar a 2024, Nijar ta bar nata a rufe saboda dalilan tsaro, mutane suka koma ƙetarewa a kwalekwale. Ɗora abu mai kilo 35 a kwalekwale, da batirin da ba ya son jiƙa, aiki ne na mutum biyu.

Na huɗu, in batir ya ƙare a daji. Gaskiya ne akwai feda, amma taka keke mai wannan nauyi da tayoyi masu taushi cikin zafin rana ba abin da mutum zai so ya maimaita ba ne.

Na biyar, kaya. Ɗan kabu-kabu yakan ɗauki mutum biyu, ko buhunan shinkafa, ko jarkoki, ya yini yana kai da kawowa. Keken da iyakarsa kilo 150 ba zai yi wannan aiki ba. In aka tilasta masa, wayoyin ƙafa su karye, inji ya yi zafi, birki ya cinye. Duk wanda ya ce wa ɗan kabu-kabu ya sayar da baburinsa ya sayi wannan keke bai ba shi shawarar ƙwarai ba.

LISSAFIN DA MAI SAYE ZAI YI DA KANSA

A nan ne ilmin yaƙi da jahilci yake biyan mai shi. A jikin kowane batir akwai lambobi biyu: ɗaya da harafin V a gabanta, ɗaya da haruffan Ah. In aka ninka ta farko da ta biyu, an sami yawan wutar da batirin ke ɗauka. Misali, 48 sau 15 ya ba da 720, watau wajen kashi 7 cikin 10 na kilowat guda na awa, wanda shi ne mudun da kamfanin NIGELEC ke auna wuta da shi. Keke mai kaurin taya yakan ci tsakanin 15 da 20 na wannan awo a kowace kilomita in mahayi ya dogara ga inji. In an raba 720 da 18, an sami kilomita 40. Wannan ita ce tafiyar da za a sa rai da ita a caji guda a hanya mai kyau. A rairayi mai zurfi, ko da kaya, ko ana fuskantar iskar hunturu, tana iya raguwa da rabi. In mahayi yana taimakawa da feda sai ta ƙaru. Kilomita 80 ko 100 da ake rubutawa a jikin kwali an auna su ne a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, da mahayi marar nauyi mai taka feda.

To, sai kuɗi. Ƙaramin babur yakan sha lita 2 zuwa 2 da rabi a kilomita 100, watau jika guda ko fiye da haka kaɗan a farashin 2024. Keken nan a kilomita 100 bai cika cin fiye da kilowat 2 ba. Ko da an ƙaddara kowane kilowat a dala 20, kuɗin bai wuce dala 40 ba. Bambancin a fili yake.

Amma lissafi bai ƙare ba. Batir ba ya dawwama. Bayan an cika shi an juye kamar sau 500 zuwa 800, ƙarfinsa yakan ragu a fili, tafiyar da yake yi ta gajarta. Mai yi masa caji kullum zai nemi sabo bayan shekara 2 ko 3, sabon batir kuwa yakan kai kusan sulusin kuɗin keken gaba ɗaya. Saboda haka abin da aka tsimi na isansi ba duka ba ne riba. Wani kaso nasa ajiya ce ta sayen batir. Wanda ya cinye wannan ajiya, ranar da batir ya mutu sai ya tarar da tulin ƙarfe a zaure.

Wa lissafin zai yi wa daɗi? Malamin lakwal da ke kwana a Gaya yana koyarwa a ƙauyen da ke kilomita 12 ko 15. Ma'aikacin lafiya mai zagayen rigakafi da ƙaramin akwatinsa. Malamin gona, da malamin daji mai duba giginya, da mai lambu da ke kai kwandon kayan miya kasuwa da sassafe. Waɗannan duka tafiyarsu gajera ce, sananniya, kayansu marasa nauyi, kuma suna komawa inda suka fito kafin dare.

WUTAR DAGA INA?

Keken da ya tsere wa isansi bai tsere wa wutar lantarki ba, watau kuran. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Nijeriya take zuwa. Babban layin da ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai yana aiki tun 1976, Gaya kuwa ta wajen Kamba aka jawo mata tata. A watan Agusta na 2023, cikin takunkumin ƙungiyar CEDEAO, Nijeriya ta yanke wutar, ba ta maido ta ba sai a watan Maris na 2024. Waɗannan watanni sun koya wa kowa cewa abin da ke zuwa daga ƙetaren iyaka, ko a jarka ko a waya, yana iya tsayawa dare ɗaya. Batirin keke kuwa yana son awa 5 zuwa 7 a jone kafin ya cika.

Abin da ba mai iya rufe wa iyaka shi ne rana. Tun 1965 ƙasar nan ta kafa ofishin binciken ƙarfin rana, ONERSOL, wanda shehun malami Abdu Mumuni Joffo ya shugabanta shekaru masu yawa. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 kuma ta fara aiki a 2023. A gida ma, farantin hasken rana guda mai wat 200 yana iya tara wajen kilowat guda a yini, abin da ya isa ya cika batirin da aka yi misali da shi, in an haɗa shi da na'urar da ta dace.

Sai dai akwai wani ƙulli. Lokacin da rana take bayarwa shi ne lokacin da mai keke ba ya gida. Ko dai a kafa farantin a wurin aiki, keke ya sha wuta yayin da malam yake cikin aji, ko kuwa a sayi wani batir na ajiya a gida, kuɗi su ƙaru. Bai kuma halatta a jona keke a farantin da aka kafa don firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauye ba. Wannan wuta ta jarirai ce.

ZAFI DA GOBARA

Babban abokin gabar batirin litiyom shi ne zafi. Masu ƙera shi sun hana a yi masa caji in zafinsa ya wuce digiri 45. A Gaya kuwa a watannin Maris da Afrilu zafin inuwa kansa yakan kai digiri 40, balle baƙin batirin da ya yini a rana ko a ɗakin kwano. Irin wannan yana tsufa da wuri. Ƙa'ida ita ce a ajiye keke a inuwa, in an dawo daga tafiya a bar batir ya huce kafin a jona shi, a yi caji da sanyin safiya ko na maraice.

Abin da ya fi tsufa muni shi ne gobara. Batirin da ya lalace, ko na jabu, ko wanda aka jona da cajar da ba tasa ba, yana iya kamawa da wuta mai tsanani da hayaƙi mai guba, kuma kashe ta da wuya. A birnin Niyok na Amurka, a 2023 kaɗai, ƴan kwana-kwana sun ƙidaya gobara 268 ta irin waɗannan batira, mutum 18 suka rasu, har hukumar birnin ta hana sayar da wanda ba a gwada ingancinsa ba. A birnin Nanjin na ƙasar Sin, a watan Fabrairu na 2024, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani bene ta kashe mutum 15. Waɗannan garuruwa ne masu motocin kashe gobara a kowace unguwa. Sai a auna da gida mai dangar kara da rumbu da ɗakin ciyawa, wataƙila ma da jarkar isansi a lungu.

Saboda haka kada a yi caji a ɗakin kwana, ko a bakin ƙofar da ita kaɗai ce mafita, ko a bar shi jone a tafi barci. In kuran ya ɗauke a zare caja, domin yakan dawo da ƙarfi. Batirin da ya kumbura, ko yake wari, ko yake zafin da hannu ba ya jurewa, a fitar da shi fili nesa da kayan cin wuta. Gaya gari ne da gwanjo ya daɗe yana ratsawa, amma batir ba riga ba ce da za a ɗaga a duba. Tsufansa a ciki yake. Araha ba ta ado.

DARASI DAGA ƘETAREN KOGI

Maƙwabta sun bi wata hanya dabam don masu haya. Tun 2022 kamfanin da aka sani da Spiro ya zuba baburan lantarki a Benin da Togo, ya kafa tashoshin musayar batir. Ɗan kabu-kabun Kwatano, wanda can ake kira zemijan, in batirinsa ya yi ƙasa sai ya tsaya a tasha, ya ba da shi, ya karɓi cikakke, ya biya, cikin ƴan mintoci ya wuce. Ba ya jiran caji, kuma tsufan batir ba a wuyansa yake ba. Waɗannan babura ne na sosai masu ɗaukar fasinja, ba kekuna ba. Abin koyi shi ne kowane aiki da abin hawansa, kuma abin hawan lantarki ba ya rayuwa shi kaɗai sai da tasha da makaniki da kayan gyara a bayansa.

Wani darasin daga ƙasar Holan ya zo, inda kekuna masu kaurin taya suka zama abin yayin samari. Da yawa an warware musu dabaibayin gudu, haɗura suka yawaita, har a 2024 hukuma ta kama dubbai da ba su cika ƙa'ida ba. Keken nan ba shi da ƙara. A cikin kasuwa mai cunkoso, tsoho ko yaro ba zai ji zuwansa ba, ga nauyi ga gudu. Ƙararrawa da fitila da hular kwano ba ado ba ne.

ABIN DA YA RAGE GA HUKUMA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai ayyukan da suka fi sauƙi tun kayan ba su cika kasuwa ba. Na farko, a fayyace iyaka tsakanin keke da babur bisa ƙarfin inji da gudu, domin ma'aikacin duwan da jandarma da mai keke su san matsayinsu, kada abin ya zama gardamar bakin hanya. Hukumar kiyaye haɗura ta ANISER tana da abin faɗi a nan. Na biyu, a tilasta wa mai shigo da keke ya shigo da tayoyi da birki da caja da batiransa, ya kuma nuna shaidar ingancin batir. Na uku, cibiyoyin koyon sana'a su koya wa masu gyaran keke da babur aikin waya da awon batir. Na huɗu, a juya takardar bayanin keke cikin Hausa da Zabarmanci, domin wanda ya yi karatun manya ya karanta da kansa. Na biyar, a tanadi wurin tara matattun batira, kada su ƙare a juji ko a bakin rijiya ko a cikin kogi.

Ma'aikatun da ke tunanin saya wa ma'aikatansu kuwa, sai an gwada akan san na ƙwarai. A ba mutum kaɗan, su yi shekara guda cur da shi, da bazara da damina da hunturu, kowa da littafin da yake rubuta kilomitar da ya yi da facin da ya biya da ranakun da keke ya kwanta. Abin da littattafan nan suka nuna, shi ya kamata a bi.

Ga mai saye da kuɗin aljihunsa, tambaya huɗu ce zai amsa kafin ya kwance lalitarsa: kilomita nawa yake yi a yini, ina zai sami wuta, wa zai gyara masa, kuma ina zai sami batir na biyu. In ya sami amsar huɗun, rairayin Dandi ba zai tsayar da shi ba. In ɗaya ta ɓace, gara ya riƙe tsohon kekensa ya ƙara haƙuri. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gida lafiya.